Araha ba ta ado: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani kafin ya kira mai fenti

Da zarar damina ta ɗauke, gero ya shiga rumbu, sai kasuwannin ƙasar Kurfai su fara canza kama. Daga Filinge zuwa Abala da Sanam, wannan ne lokacin da mai shago ke tsayawa ya dubi bangonsa ya ga abin da ruwa ya yi masa, kuma shi ne lokacin da iyayenmu mata ke neman farar ƙasa domin gyaran ɗaki. Wani zai sake yaɓe, wani zai sa fenti, wani kuma yana son a zana masa irin hajarsa a gaban shago. Duk aikin nan kuɗi yake ci, kuma mun sha ganin bangon da aka kashe wa jikkuna masu yawa ya ɓamɓare tun kafin shekara ta zagayo. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna da ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, kan wannan sana'a ta adon bango, domin kowa ya san abin da yake biya.

Bango ma yana talla

A ƙasarmu ta Nijar, ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa manyan da suka iya karatun boko ba su kai 4 cikin 10 ba, kuma a karkara, musamman wajen mata, adadin bai kai haka ba. To ke nan ranar kasuwa a gari kamar Sanam, inda Bahaushe da Buzu da Bafillace da Bazabarme ke haɗuwa, hoto ya fi rubutu saurin isar da saƙo. Keken ɗinki da almakashi a jikin bango sun gaya wa kowa cewa tela na nan. Zanen salula ya nuna wurin caji da sayen kati. Tukunya da faranti sun nuna mai abinci. Baƙon da ya sauko daga mota ba ya buƙatar tambaya, kuma wadda za ta aiki yaro sai ta ce masa ya je shago mai shuɗiyar ƙofa. Da yawa cikin masu shaguna ba su son a zana musu mutum ko dabba saboda dalilin addini. Wannan ba ya hana aiki, tunda kayan sana'ar kansu sun isa alama.

Akwai kuma kamfanonin salula da na sinadarin miya da ke shafe bangon shago da launinsu ba tare da mai shago ya biya ba. Babu laifi a karɓa, amma a tuna cewa bangon naka ne, tallar tasu ce. Kafin a yarda, a tambayi tsawon lokacin da zanen zai zauna, da wanda zai sabunta shi in ya koɗe, sannan a roƙi a bar wuri domin sunan shago da lambar waya.

Sana'ar ba yau ta fara ba

Adon bango tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma ƴan kasuwa na cikin waɗanda suka raya ta. Wanda ya taɓa zaga unguwar Birni ko ta Zango a Damagaram ya ga zaurukan da aka yi wa zane mai tudu da kwari, aka bi shi da launi. Zango unguwar fatake ce, kuma gaban gidan attajiri shi ke nuna wa baƙo irin mutumin da zai yi hulɗa da shi. A Zariya, babban maginin nan Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ya ƙawata cikinsa da zanen laka. Daga baya, da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun jama'a, sai attajirai da masu sana'a suka riƙa sa magina su zana musu dagi, da takobi, har da keke da agogo da mota a gaban gida. A Agadas, wadda hukumar UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, har yau ana kai baƙi gidan mai burodi, wanda aka gina wajen 1917, domin su ga adon cikinsa.

Kusa da mu ma akwai abin koyi. A garin Yama, cikin jihar Tawa maƙwabciyarmu, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962, kuma a 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan, wadda ke cikin manyan kyaututtukan gini na duniya.

Abin lura shi ne magabatan nan ba su raba ado da kariya ba. Magini yakan yi zanensa tun yaɓe na ɗanye, sannan ya rufe shi da abin da zai tsare shi daga ruwa. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. A nan wajenmu, inda ɗorawa ba ta da yawa sai an gangara kudu wajen Gaya, an saba cuɗa laka da ƙaiƙayi da kashin shanu a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a yaɓa. Duk waɗannan abubuwa suna da hali ɗaya: suna kama laka, kuma suna barin danshin da ya shiga bango ya fita.

Kowane bango da irin rigarsa

Nan ne mafi yawan asara take. Bangon laka da na siminti ba halinsu ɗaya ba, saboda haka ba abu ɗaya ake shafa musu ba.

Laka tana shan danshi da damina, ta sake shi da rani. Idan aka rufe ta da fentin mai, danshin ba ya samun hanyar fita, sai fentin ya kumbura ya riƙa zubowa kamar ɓawon ƙwai. Idan kuma aka lulluɓe ta da siminti kai tsaye, su biyun ba su kama juna sosai, kuma zafi da sanyi ba su motsa su daidai. Sannu a hankali sai tsaga ta fito, ruwa ya bi ta bayan simintin yana cin laka, mai gida bai sani ba, tunda daga waje bango na nan fes. Ranar da zai faɗo, faifai guda yake faɗowa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to shi ma ruwa haka yake. Masu ginin da suka san aiki sukan kafa ƙusoshi da ragar waya a jikin laka kafin su shafa siminti, domin ya sami abin riƙewa. Wannan yana ƙara kuɗi, amma wanda ba zai iya ba, gara ya tsaya ga yaɓen laka da farar ƙasa, ya riƙa sabuntawa duk shekara.

Bangon bulo da siminti shi ne ke ɗaukar fenti, amma shi ma da sharaɗi. Sabon shafen siminti yana buƙatar kamar mako 4 ya bushe kafin buroshi ya taɓa shi. Fentin ruwa ya fi dacewa da bango, fentin mai kuma a bar wa ƙofa da taga da ƙarfe. Feshin simintin nan mai kaushi da masu gini ke kira tiroliyan yana jure ruwa, sai dai yana riƙe ƙura, kuma rubutu ba ya fita da kyau a kansa. Mai son rubutu sai ya sa a bar masa fili mai santsi a saman ƙofa.

Kasuwar Dandaji, ita ma a jihar Tawa, wadda ƴar ƙasarmu mai tsara gine-gine Mariam Kamara ta tsara, aka kammala a 2018, misali ce mai kyau. An gina shagunan da bulon ƙasa da aka matse, aka bar su da launinsu na ƙasa, sannan launuka masu haske aka sa su a jikin faya-fayan ƙarfe da ke ba da inuwa. Wato an kai fenti inda yake zama.

Kafin a yi maganar launi kuma, a fara duba inda ruwa ke bi. Indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, a kuma cike gindin bango da ƙasa yadda ruwa ba zai kwanta ba. Daminar 2024 ta ishe mu darasi: ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya rushe saboda ruwan sama. Bangon da ke duban gabas shi ya fi shan wahala, domin ta nan hadari ke taso mana. A ba shi kulawa ta musamman.

Lokaci da lissafi

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ruwa ya ɗauke bango ya bushe, kafin hazo da ƙurar hunturu su yi ƙarfi. Ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. Zafin Afrilu da Mayu kuwa, da ke haura digiri 40, yana busar da saman fenti kafin ya kama bango. In dole ne a yi aiki a lokacin, a yi shi da sassafe ko da la'asar. Wajen zaɓen launi, a sani cewa ja ya fi saurin koɗewa a ranarmu, launi mai duhu yana tara zafi cikin shago, fari kuma yana mayar da shi. Mai sayar da mai ko sabulu ko alewa ta san abin da zafi ke yi wa kayanta.

Ga kuma lissafi mai sauƙi. Gaban shago mai faɗin mita 4 da tsayin mita 3, murabba'in mita 12 ke nan. A bango mai santsi, lita ɗaya ta fenti takan rufe kamar murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Aiki mai kyau shafi biyu ne, saboda haka ana buƙatar kamar lita 2 da rabi, bango mai kaushi kuma ya fi haka ci. Wanda ya ce zai gama maka da lita ɗaya, ruwa zai tsuga a ciki, kuma ruwan sama na farko zai tona asirinsa.

Gubar da ba a gani

Wannan magana ta fi shafar iyayenmu mata. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, ana sa musu dalma a wurin haɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma, komi ƙanƙantarta, tana cutar da yaro: tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje dalmar ta fito, amma gubar ɗaya ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙasashe shawarar kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti, sai dai gwangwanin da aka juye aka sayar ba tare da takarda ba, babu mai sanin abin da ke cikinsa.

Saboda haka a nemi fentin da aka rubuta a jikinsa cewa babu dalma. Kada a mayar da gwangwani ko bokitin fentin mai wurin zuba ruwan sha, ko fura, ko awon gari. Idan za a kankare tsohon fenti, a jiƙa bangon tukuna domin kada ƙura ta tashi, a kwashe kayan abinci, a kuma nisantar da yara da masu juna biyu har a share wurin. Yaron da ke rarrafe a gindin bango yana kai hannu baki, shi ne farkon wanda abin ke samu.

Ciniki da mai fenti

Kamar kowane ciniki, wannan ma a yi shi ido buɗe. Kafin ka ba mutum aiki, ka ce ya nuna maka bangon da ya yi wanda ya ci damina biyu, domin sabon fenti kowane iri yana da kyau. A yi magana a gaban shaida kan faɗin wurin, da yawan shafi, da wanda zai sayi kaya. In da hali, mai shago ya sayi fentinsa da kansa, a buɗe gwangwani a gabansa. Abin da za a rubuta, a fara rubuta shi a takarda a kai wa wanda ya iya karatu ya duba, musamman lambar waya, domin lamba ɗaya in ta kuskure, kuɗin tallar duka ya tafi. A ba da kafin alƙalami, sauran kuma sai aiki ya kammala.

Su ma masu fenti suna da haƙƙi a kanmu. Aikinsu na hawan tsani ne cikin rana, da shaƙar wari, da ƙwarewar hannu. Wanda ya matse mai aiki har ya karɓi kuɗin da ba zai ishe shi ba, shi ya tura shi ga tsarma fenti. Muna kuma kira ga samarinmu masu hannun zane da su ɗauki sana'ar da muhimmanci, su koyi fentin zamani, su kuma zauna da tsofaffin magina su koyi haɗin laka tun suna raye. A ƙasar da mafi yawan gidaje da shaguna na laka ne, wanda ya iya duka biyun ba zai rasa aiki ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu daga asara.