Rataye zane a bango: Sana'ar da ke kare dukiyar da ke cikin gidaje

A watan Fabrairun 2018 ne kamfanin gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da "Tutu", zanen fitaccen mai zanen Nijeriya Ben Enwonwu, a kan fam miliyan 1.2. An yi zanen a 1974, kuma ya shafe shekaru ba a san inda yake ba, sai a ƙarshen 2017 aka gano shi a wani gida na masu matsakaicin ƙarfi a arewacin birnin. A 2019 kuma, wani zanen nasa mai suna "Christine", wanda ya daɗe a hannun iyalan matar da aka zana, ya yi fam miliyan 1.1 a gwanjon Sotheby's.

Duka biyun a gidajen jama'a suka yi zamansu, kuma da laima ko rana ko faɗuwa sun yi musu lahani, da darajarsu ta zube ƙwarai. Wannan ne ya sa masu tara zane a birane irin su Legas da Abuja ke ɗauko ƙwararru su rataye musu, maimakon a miƙa wa yaron gida guduma da ƙusa. Ƙa'idojin da ƙwararrun ke bi sun shafi duk abin da ake ratayewa, tun daga zanen fenti har zuwa ayoyin Alƙur'ani da aka sa a firam, da allon zayyana, da tsoffin hotunan iyaye waɗanda ba su da madadi.

Bango da nauyi

Abin da ƙwararre ke fara dubawa shi ne bangon. Galibin gidajen zamani a Nijeriya da bulon siminti mai rami a ciki ake gina su, sannan a shafe da filasta. Ƙusar da aka buga da guduma kan tsaya ne a filastar kawai, ta riƙe na ɗan lokaci, wata rana ta ɓalle tare da ɓaraguzan siminti. Saboda haka ana huda bangon da na'ura, a cusa robar riƙo, sannan a ɗaura sukuru. Bangon allo da ake raba ɗakuna da shi kuwa yana da nasa maƙalan, kuma zane mai nauyi sai an nemi ƙarfe ko katakon da ke bayan allon.

Kafin a huda, ana lura da inda wayoyin lantarki da bututun ruwa suka bi. Waya kan miƙe ne sama ko ƙasa daga soket ko makunni, don haka ana guje wa wannan layin.

Daga nan sai a auna nauyin zanen tare da firam da gilashinsa. An fi son a rataye shi a maƙalai biyu, domin nauyin ya rabu kuma zanen ya daina karkacewa. Idan ya yi nauyi sosai, ana amfani da ƙarafa ko katakai biyu da aka yanka a karkace, ɗaya a bango ɗaya a bayan firam, su shige juna.

Tsayin da ya dace

Kuskuren da aka fi yi a falo shi ne kai zane can kusa da silin. Ƙa'idar da gidajen baje kolin zane ke bi ita ce tsakiyar zanen ta kasance tsakanin santimita 145 zuwa 152 daga ƙasa, wato daidai idon mutum a tsaye. Idan a saman kujera ne, ana barin tazarar santimita 15 zuwa 20, yadda kan mai zama ba zai taɓa firam ba. Idan zanukan suna da yawa, akan jera su a ƙasa tukuna a daidaita tsarin, sannan a huda bango.

Haske da iska

Haske na kashe launi, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Gidajen adana kayan tarihi na taƙaita hasken da ke sauka kan takarda da yadi a ma'aunin lux 50, na zanen fentin mai kuma wajen lux 200, alhali hasken rana kai tsaye na kai dubun dubata. Shi ya sa ba a rataye zane a bangon da ke fuskantar taga, kuma ake fifita ƙwan LED wanda zafinsa kaɗan ne.

Yanayin Nijeriya ma na da nasa ƙalubalen. Zane ya fi son danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, ba tare da yawan hawa da sauka ba. A Kudu danshin kan wuce kashi 80 da damina, wanda ke haifar da funfuna. A Arewa kuwa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 lokacin hunturu, sai katako ya tsuke, fenti ya tsage. Don haka ana kauce wa bangon da ke haɗe da banɗaki, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, da inda hayaƙin girki ko na turaren wuta ke tashi. Ana kuma manna 'yan ƙananan robobi a kusurwoyin firam na ƙasa domin iska ta riƙa ratsawa ta baya.

Kafin a ba da aikin

Mai gida na da haƙƙin ya tambayi wanda zai yi aikin irin maƙalan da zai sa da nauyin da za su iya ɗauka, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan wanda zai biya idan aka yi ɓarna. Yana da kyau a ɗauki hoton zanen gaba da baya kafin a taɓa shi, a adana rasiɗin saye, kuma kada a cire wata takarda ko rubutu da ke bayansa, domin da su ake tabbatar da asalinsa ranar da za a sayar ko a raba gado. Bayan an rataye, sai a riƙa sauke shi sau ɗaya a shekara, bayan damina, a duba ko gara ko laima sun shiga.