Hasken rana maimakon gazuwal: daga jirgin ruwa zuwa lambunan Imanan

Jirgin ruwa mai tafiya da iska yakan yi makonni a teku, nesa da wurin sayen mai. Duk da haka yana bukatar lantarki domin fitilu da rediyo. A da, yawanci injin gazuwal ne ke ba shi. Yanzu matuƙa da yawa suna ɗora faranti mai kama hasken rana da ƙaramar fanka mai juyawa da iska, su cika batir. Tsakanin 2010 da 2012, wani jirgi mai suna PlanetSolar ya kewaye duniya da hasken rana kaɗai.

Babu teku a Imanan, amma matsalar ɗaya ce. A kwarin Dallol Boso ruwa ba ya da zurfi, shi ya sa Bonkuku ta shahara wajen noman dankalin turawa lokacin sanyi. Sai dai injin ban ruwa yana shan gazuwal ko esansi kullum. Idan mai ya yi tsada ko ya yanke, shuka ta bushe, bashin iri kuma yana nan.

Yaya famfon rana yake aiki?

Faranti yana mayar da haske lantarki. Lantarkin yana juya famfo, famfo ya ɗago ruwa daga rijiya. Ba dole ne a sayi batir ba. Ya fi sauƙi a tara ruwa cikin tanki da rana, a yi ban ruwa da yamma ko da safe.

Nijar ta daɗe da wannan ilmi. A 1965 aka kafa ofishin makamashin rana a Yamai, wanda Farfesa Abdu Mumuni Diyofo ya shugabanta shekaru da dama.

Abin lura kafin saye

Kuɗin farko suna da nauyi, amma faranti mai kyau yana iya aiki shekara 20 ko fiye, ba tare da sayen mai ba. Manoma suna iya haɗa kuɗi cikin ƙungiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A fara auna zurfin rijiya da faɗin lambu, sannan a zaɓi famfon da ya dace.

Kulawa

1. A kafa faranti yana fuskantar kudu, a ɗan karkace, nesa da inuwar itace.
2. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi daidai lokacin da dankali ke son ruwa. A goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe.
3. A kewaye shi da shinge saboda dabbobi da ɓarayi.
4. A riƙa ajiye wani abu bayan kowace girbi domin gyara.

A tuna: rana kyauta ce, amma ruwan ƙasa yana da iyaka. Idan tanki ya cika, a kashe famfo, domin rijiyar maƙwabci ma daga ruwa ɗaya take sha.