SHUKAR ƘARFE DA 'YAR'UWARTA MODA: ADON GIDA MAI JURE WAHALA



Duk wanda ya sauka a tashar Unguwa Uku a Kano, ya nufi Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, zai ga shuke-shuke cikin tukwane a ƙofar ofisoshi da asibitoci da gidaje. Sau da yawa abin yakan ba mutum sha'awa. Sai ya sayi tukunya ɗaya ya kai wa iyali tsaraba. Bayan wata guda ganye ya bushe, kuɗi sun tafi a banza.

Ba kullum laifin mai sayarwa ba ne. Yawancin furannin ado suna son ruwa kullum. Mu kuwa ruwan samanmu na wata huɗu ne zuwa biyar. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Ga ƙurar hunturu, ga tsadar ruwan jarka.

Saboda haka a wannan wata za mu yi bayani kan shuke-shuke biyu masu jure wahala. Ɗaya baƙuwa ce, ɗaya kuma 'yar gida. Idan ka san ire-irensu, ka kuma san inda kowace take so a ajiye ta, za su yi shekaru a gidanka.

MECE CE SHUKAR ƘARFE?

Sunanta na ilimi Asfidistira. Turawa sun yi mata laƙabi da shukar baƙin ƙarfe, irin ƙarfen da ake zuba tukunya da shi. Dalili shi ne ba ta saurin mutuwa. A wannan bayani za mu riƙa kiran ta shukar ƙarfe.

Asalinta daga ƙananan tsibiran kudancin ƙasar Japan ne. A can tana fitowa a ƙarƙashin manyan itatuwa, inda rana ba ta kaiwa ƙasa. Ka riƙe wannan magana, domin ita ce sirrin renonta.

Ta yi suna a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi sarauta daga 1837 zuwa 1901. A lokacin gidajen Ingila suna da duhu, ga hayaƙin kwal, ga hayaƙin fitilar gas. Sauran furanni sukan mutu a ɗaki, ita kuwa tana nan kore shar. A Japan kuma an daɗe ana yanka ganyenta ana raba abinci da shi a cikin akushi, kamar yadda muke naɗe alala ko goro da ganye.

Ga yadda za ka gane ta:

1. Ba ta da kara ko reshe. Kowane ganye daga ƙasa yake fitowa a kan siririn tsinkensa.
2. Tsawon ganyen yakan kai kamu ɗaya, wato kamar santimita 50. Faɗinsa kamar tafin hannu.
3. Ganyen kore ne mai duhu, mai sheƙi, ba shi da kauri.
4. Saiwarta tana tafiya a kwance a cikin ƙasa, kamar citta mai yatsu.
5. Furenta ƙarami ne, ja mai duhu. A gindi yake fitowa, dab da ƙasa. Mutane da yawa ba sa ma lura da shi.

IRE-IREN SHUKAR ƘARFE

Masana sun gano 'yan'uwanta fiye da 200, yawancinsu a ƙasashen Sin da Biyetnam. Amma waɗanda aka fi ajiyewa a gida guda huɗu ne.

Na ɗaya, koriya zalla. Ita ce uwa. Ta fi sauran ƙarfi, ta fi su jure duhu. Wanda bai taɓa renon shuka ba, da ita ya kamata ya fara.

Na biyu, mai ratsin fari. Masu sayarwa suna kiran ta Variegata. Farin ratsi yana bin tsawon ganyen daga ƙasa zuwa sama. Tana son haske fiye da koriya zalla. Idan taki ya yi mata yawa, ratsin yakan ɓace, ganye ya koma kore.

Na uku, mai farin kai. Sunanta Asahi, wato hasken safiya da harshen Japan. Saman ganyen yakan yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Wannan farin ba ya fitowa sai shukar ta girma. Kada ka ga ƙarama babu fari ka ce an cuce ka.

Na huɗu, mai ɗigo-ɗigo. Ana kiran ta Milky Way. Ganyenta yana da ɗigon fari kamar jikin zabuwa. Ta fi sauran gajarta, don haka ta dace da ƙaramar tukunya.

Dukkansu halinsu ɗaya ne: suna son inuwa. Kada sunan ƙarfe ya ruɗe ka. Tana jure duhu, tana jure ƙura, tana jure mantuwa. Amma ba ta jure rana tsaka. Idan ka bar ta a filin tsakar gida da bazara, ganyen zai koɗe, ya yi fari, ya ƙone. Ganyen da ya ƙone kuwa ba ya komawa kore.

MODA, 'YAR GIDA

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Shukar ƙarfe tana da 'yar'uwa a nan ƙasarmu, ita ce moda. Masana ilimin tsirrai sun sa su a dangi ɗaya. Tsofaffinmu sun san moda tun ba yau ba. Tana fitowa a daji, a gindin itatuwa da gefen suri da bakin rafi. Da zarenta maharba suke murza tsirkiyar baka, ana kuma tufka igiya da shi.

Abin mamaki, wannan shuka da muke wucewa a daji, yau tana cikin shuke-shuken ado da aka fi saye a duniya. Asalin wadda aka fi sani daga nan Afirka ta Yamma ne, tun daga Nijeriya har zuwa Kwango.

Bambancinta da shukar ƙarfe a fili yake. Ganyen moda yana da kauri, yana tsaye ƙyam kamar takobi, kuma ba shi da tsinke a gindi. A cikin ganyen take ajiye ruwa. Shi ya sa takan yi makonni ba a ba ta ruwa ba, ba ta mutu ba.

Ga ire-irenta guda huɗu:

Na ɗaya, doguwa mai zane. Ganyenta kore ne da zane-zane masu haske a gicciye. Takan kai tsawon kamu biyu. Ta fi kowace araha da saurin yaɗuwa.

Na biyu, mai bakin rawaya. Sunanta Laurentii. Gefen ganyen biyu rawaya ne kamar an yi masa ado da zare. Daga ƙasar Kwango aka fara samo ta. Ita aka fi gani a ƙofar ofisoshi.

Na uku, gajera. Sunanta Hahnii. Ba ta wuce taƙi ɗaya. Ganyenta yana zagaye kamar sheƙar tsuntsu. An fara ganin ta a wani lambu a birnin New Orleans na Amurka a 1939. Ta dace da bakin taga ko kan tebur.

Na huɗu, mai kama da sanda. Ganyenta mulmulalle ne mai tsini, ba shi da faɗi. Asalinta ƙasar Angola. A kula da tsininta inda yara suke wasa.

WACCE ZAN AJIYE, KUMA A INA?

Kafin ka sayi shuka, fara duba gidanka. Ka lura da inda rana take bugawa, da inda ba ta kaiwa.

Idan zaure ne, ko baranda, ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko gindin mangwaro mai inuwa, shukar ƙarfe za ta ji daɗi. Gidajen haya irin na Unguwa Uku, masu matsatsin tsakar gida da dogayen katangu, suna da irin wannan inuwa.

Idan kuwa wurin yana samun ranar safe ko ta yamma, moda ta fi dacewa. Tana zama a inuwa, tana kuma jure rana. Amma kada ka fitar da ita daga ɗaki zuwa rana tsaka a yini ɗaya. Ka saba mata a hankali, cikin mako biyu.

Wanda yake ƙauye, ruwa yana masa nisa, ya fara da moda. Sau da yawa ba sai ka saya ba. Maƙwabci zai iya yanko maka.

YADDA AKE SHUKAWA

1. Ka sami tukunyar ƙasa, ko tsohon tulu, ko bokitin da ya fashe. Ka huda gindinsa wuri uku ko huɗu.
2. Ka zuba tsakuwa ko katangar fasasshiyar tukunya a ƙasa, don kada hudar ta toshe.
3. Ka haɗa ƙasar gona kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Idan moda ce, ka ƙara yashi. Kada ka sa ɗanyen kashin kaji, yana ƙona saiwa.
4. Ka kwantar da saiwar kusa da saman ƙasa. Kada ka binne ta da zurfi.
5. Ka ba ta ruwa har ya fito ta gindi. Sa'an nan ka ɗora tukunyar kan bulo ko dutse saboda gara.

BAN RUWA DA KULAWA

Abin da ya fi kashe waɗannan shuke-shuke ba ƙishirwa ba ne. Yawan ruwa ne. Idan ƙasa ta daɗe a jiƙe, saiwa takan ruɓe, ganye ya yi rawaya ya faɗi.

Kafin ka ba da ruwa, tura yatsanka cikin ƙasar. Idan ka ji danshi, ka bari. Idan ta bushe, ka zuba. Da bazara shukar ƙarfe za ta so ruwa kamar sau biyu a mako, moda kuwa sau ɗaya ya ishe ta. Da hunturu ka rage. Da damina ka janye tukunya daga ƙarƙashin indararo.

Ragowar ruwan alwala yana da kyau. Ruwan wanki mai sabulu ko ruwan gishiri kuwa yana lalata ƙasa. Kada kuma ka bar ruwa ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunya, domin nan sauro yake ƙyanƙyasa.

Da hunturu ƙura takan rufe ganye. Ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako, ciki da baya. Wannan yana kuma korar ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye suna tsotse shi. Ka kuma kare shukarka daga akuya da kaji.

YADDA ZA KA MAYAR DA ƊAYA TA ZAMA GOMA

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damina, wajen watan Yuni. Ka zazzage shukar daga tukunya. Ka yanka saiwar da wuƙa mai tsabta. Kowane yanki ya kasance da ganye biyu ko uku. Sai ka dasa kowanne a tukunyarsa.

Shukar ƙarfe tana da nawa wajen girma. Ganye kaɗan take fitarwa a shekara, kuma ba ta son a riƙa tona ta. Ka bar ta shekara uku ko huɗu kafin ka sake raba ta. Sannu ba ta hana zuwa.

Moda ta fi sauƙi. Ko ganyenta ka yanka gunduwa-gunduwa, tsawon yatsa, zai yi saiwa. Ka bar gunduwar ta sha iska a inuwa kwana biyu. Sa'an nan ka kafa ta cikin yashi, ɓangaren gindi yana ƙasa. Amma ga abin lura: mai bakin rawaya, idan aka shuka ta da ganye, 'ya'yan sukan fito babu rawayar. Ita sai an raba saiwa.

Wannan ma hanyar samun kuɗi ce. Mata a cikin gida da matasa za su iya renon moda a tsofaffin gwangwanaye da ledoji, su sayar. Jarin ba shi da yawa: ƙasa, yashi da haƙuri.

GARGAƊI BIYU

Na farko, ganyen moda ba abinci ba ne. Idan yaro ko kyanwa suka tauna shi, yakan kawo amai da zawo. A ajiye ta inda mai rarrafe ba zai kai ba. Shukar ƙarfe ba ta da wannan illa.

Na biyu, za ka ji ana cewa moda tana tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali daga wani gwaji da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta yi a 1989. Amma a cikin rufaffen akwati aka yi gwajin. A 2019 wasu masana suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje. Suka gano cewa 'yan tukwane a ɗaki ba sa yin aikin da buɗe taga yake yi. Saboda haka kada wani ya kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, ko ya kunna janareta kusa da wurin kwana, yana cewa ai akwai shuka. Wannan hayaƙi yana kisa, kuma babu ganyen da ke hana shi.

A TAƘAICE

Shukar ƙarfe ta inuwa ce. Moda tana zama a inuwa, tana kuma jure rana. Dukkansu ba sa son yawan ruwa. Idan za ka saya, ka duba ganye ciki da baya, ka zaɓi mai sabon toho a gindi, ka ƙi wadda gindinta ya yi laushi.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Daga wace ƙasa shukar ƙarfe ta fito?
2. Faɗi bambanci biyu tsakanin ganyen moda da na shukar ƙarfe.
3. Me ya fi kashe waɗannan shuke-shuke?
4. Yaya ake yaɗa moda mai bakin rawaya?

Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.