Cinikin Da Ba A Ga Kaya Ba: Yaushe Ake Mayar Da Kuɗi, Kuma Wa Ke Ɗaukar Asara?

A ƙasar Adar, daga birnin Tahoua zuwa Afala da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan biɗa. Wani yana Abijan, wani yana Libiya, wani Legas ko Kamaru. A da, idan Layya ta ƙarato, ɗan biɗa yakan aiko kuɗi ne, wani daga cikin dangi ya tafi kasuwa ya zaɓi rago da idonsa. Yanzu salula ta sauya wannan tsari. Mai turka yakan ɗauki hoton ragonsa ya sa a WhatsApp ko Facebook, masu so su yi ta tayi, wanda ya fi tayi a sallama masa, ya aiko kuɗi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza. Wannan gwanjo ne, ko da ba a kira shi da sunan ba. Haka ake cinikin babur, da salula ta hannu, da buhunan albasar Galmi.

Sauƙin yana da yawa, amma rigimar ma tana da yawa, kuma kusan kullum a kan magana ɗaya take: mai saye yana cewa a mayar masa da kuɗinsa, mai sayarwa yana cewa ciniki ya riga ya faɗa. Mai karatu, ko kai mai saye ne, ko ke mai turka ce da ta yi wata shida tana wahala da dusa da harawa, wannan bayani zai nuna inda haƙƙin kowa ya tsaya. Babban abin lura shi ne: rigimar mayar da kuɗi, tun kafin a biya ake cin ta ko a faɗi.

Ire-iren rigimar

Idan aka tattara ƙorafe-ƙorafen, iri huɗu ne:

1. An biya kuɗi, kaya ba su zo ba.
2. Kaya sun zo, amma ba kamar yadda aka siffanta su ba: ragon hoto daban, na ƙofar gida daban, ko kuma yana da aibin da aka ɓoye.
3. Kaya sun lalace a hanya: dabba ta karye a cikin mota, albasa ta ruɓe kafin ta isa.
4. Mai saye ne kawai ya sake shawara, ko ya ga wani mai araha.

Kowanne da hukuncinsa. Yawancin husuma tana tsananta ne saboda an cakuɗa su, mai saye ya yi nadama sai ya laƙa wa kaya aibi, ko mai sayarwa ya ɓoye aibi sai ya ce nadama ce ta kama mai saye.

Abin da kasuwa take da shi, salula ba ta da shi

A kasuwar dabbobi irin ta Tahoua, ko Badagishiri, ko Abalak, ba a cika jin irin wannan rigima ba, domin akwai abubuwa uku da suke tsaron ciniki. Na farko, mai saye yana gani da idonsa, ya buɗe bakin dabba ya duba haƙora, ya sa a tayar da ita ta yi tafiya. Na biyu, akwai dillali, wanda ya san mai dabba, kuma shi ake nema idan ta fito ta sata ce ko marar lafiya; la'adar da yake karɓa kuɗin wannan tsayawa ce. Na uku, akwai shaidu, ga kuma sarkin kasuwa idan magana ta yi tsawo.

Cinikin salula ya kawar da ukun gaba ɗaya. Hoto ba ya nuna tari, ba ya nuna ɗingishi, kuma wanda ya iya ɗauka yana iya mai da ɗan tunkiya ya zama balami. Kamfanin aika kuɗi kuwa aikinsa isar da saƙo ne, ba alƙalancin ciniki ba: da zarar wanda aka aika wa ya karɓa, aikinsa ya ƙare. Wannan shi ne abin da magabata suka kira cinikin biri a sama.

Yadda manyan kasuwannin intanet suka yi

Ba mu kaɗai wannan matsala ta sama ba. A 1995 Pierre Omidyar ya buɗe kasuwar gwanjo ta intanet a Amurka, wadda aka sani yanzu da eBay. Nan da nan rigingimu suka taso tsakanin mutanen da ba su san juna ba. A 1996 aka fito da tsarin da kowane mai ciniki zai rubuta shaida a kan wanda ya yi hulɗa da shi, kowa ya gani. A 2002 kamfanin ya sayi PayPal, mai riƙon kuɗi tsakanin masu ciniki, kafin su rabu a 2015. A wajajen 2010 rigingimun da ake warwarewa ta wannan tsari sun kai kimanin miliyan 60 a shekara.

Ƙa'idar tasu mai sauƙi ce. Idan kaya ba su zo ba, ko sun saɓa wa siffar da aka rubuta, mai saye yana da kwana 30 ya kai ƙorafi. Ana ba mai sayarwa kwana 3 na aiki ya daidaita da shi. Idan sun kasa, kamfani ya duba rubutun talla, da hotuna, da saƙonnin da suka yi musaya, da shaidar isar kaya, ya yanke hukunci. Amma wanda ya sake shawara kawai, ba shi da haƙƙin mayarwa idan mai sayarwa ya faɗa tun farko cewa ba ya karɓar kome. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar 2011 ta ba mai saye daga nesa kwana 14 na janyewa, amma idan daga ɗan kasuwa ya saya, ba daga mutum irinsa ba.

Ka lura, waɗannan kamfanoni ba su ƙirƙiro wani sabon abu ba. Dillali da shaidu da sarkin kasuwa suka sake ginawa da na'ura. Rukunin WhatsApp na ƙauyenku ba shi da ko ɗaya daga ciki, sai abin da ku kanku kuka tanada.

Abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada

Malamanmu sun daɗe da yin bayanin sayar da abin da ba ya wurin ciniki, a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil. Ga taƙaitawa:

Gwanjo halal ne, kowa ya ƙara tayi har a tsaya a kan na ƙarshe. Abin da aka haramta shi ne tayin ƙarya, wato a sa wani ya riƙa ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi mai so. A cikin rukunin salula wannan ya fi sauƙi, tun da mutum ɗaya yana iya mallakar lamba biyu.

Sayar da abin da ba a gani ba ya halatta idan an siffanta shi. In ya zo daidai da siffa, ciniki ya tabbata. In ya saɓa, mai saye yana da zaɓi. Amma ba a sharɗanta biyan kuɗi gaba ga dabba ko kayan da suke nesa, domin suna iya sauyawa kafin su iso. An yi sassauci ne idan wurin kusa ne, ko abin gida ne ko gona. Haka kuma asarar irin wannan kaya tana kan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai dai in sun yi sharaɗin akasin haka.

Wanda ya ga aibin da ya riga ciniki, kuma ba a faɗa masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan ya ga aibin ya ci gaba da amfani da kayan, ana ɗaukar wannan a matsayin yarda. A ragon Layya maganar ta fi nauyi, domin harari-garke, da gurgu, da marar lafiya, da ramamme ba su isar wa layya.

Nadama kuwa ba ta warware ciniki. A mazhabar Malik, da an yi tayi an sallama, ciniki ya ƙullu, sai in an sharɗanta zaɓi na ɗan lokaci, kamar kwana uku a dabba. Mai sayarwar da ya karɓi kayansa daga mai nadama alheri ya yi, kuma yana da lada, amma ba tilas ba ne.

Saura kafin alƙalami. Idan an yi sharaɗin cewa mai sayarwa zai cinye shi in mai saye ya fasa, Malikiyya ba su yarda ba. Hambaliyya sun yarda, haka ma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na 1993 a Burunai, muddin an sa wa jiran iyaka. Tun da akwai saɓani, a faɗi matsayinsa tun kafin a miƙa shi.

Dokar ƙasa

A Nijar, dokar farar hula ta ɗora wa mai sayarwa lamunin aibin ɓoye. Akwai dokar kare masu saye ta 2015, da dokar mu'amala ta na'ura ta 2019, da dokar hukunta laifukan intanet ta wannan shekarar. Tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, kamar mai loda albasa da mai sauke ta a Abijan, dokar OHADA ce take aiki, ƙungiyar da aka kafa a 1993 wadda Nijar da Kodebuwa suke cikinta. Ta ba mai saye wata ɗaya daga ranar karɓar kaya ya sanar da aibin fili, da shekara ɗaya a kan aibin ɓoye daga sa'ad da ya bayyana. Amma kowace doka hujja take nema. Alƙali ba ya hukunci da abin da aka faɗa a waya iska ta kwashe.

Kafin ka biya

1. Ka aika wanda ka amince da shi ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. In ba hali, ka nemi bidiyo na ranar, dabba tana tafiya, an buɗe bakinta, an nuna idanu da kunnuwa da ƙafafu.
2. A faɗi siffa a rubuce: iri, launi, shekaru, lafiya, da duk wani aibi. Wanda bai iya rubutu ba ya yi saƙon murya, ɗayan ya amsa da murya cewa ya yarda. Kada a share.
3. A rubuta kuɗi da lambobi, tare da sunan kuɗin. A lissafin kasuwa dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1,000. Wanda ya ce dubu talatin da lissafin dala, sefa 150,000 yake nufi. Wanda ya saba da lissafin boko zai ji sefa 30,000, na Legas kuma ya ji naira.
4. A bar kuɗi a hannun na uku da kowa ya yarda da shi, dillali sananne ko liman ko wani dattijo, ya miƙa bayan an karɓi kaya. Ƴar la'adar da za a ba shi ta fi asarar rago sauƙi.
5. A yanke wanda zai biya kuɗin mota, da wanda asarar hanya take kansa, da kwanakin da aka ba mai saye ya duba.
6. Ka tabbata sunan da za ka aika wa kuɗi shi ne na mai kaya, kuma ka adana rasidi.

Ke kuma mai turka, da kai mai sayarwa, waɗannan matakai kariyarku ce. Ku faɗi aibi da bakinku. Aibin da aka faɗa aka yarda da shi, ba a mayar da kaya saboda shi. Ku ɗauki hoto a lokacin loda kaya, ku riƙe lambar direba da ta mota. Kada ku saki kaya saboda hoton rasidi ko saƙon da ke cewa an turo kuɗi, domin ana ƙirƙirar su. Sai kuɗi sun shiga hannu.

Idan rigima ta riga ta auku

Ka sanar da abokin cinikinka a ranar da ka ga matsala, da hoto da shaidu biyu. Kada ka yanka dabbar, kada ka sayar, kada ka kai babur ko salula wurin mai gyara ya kwance. Idan ciwo ne, a kira ma'aikacin kiwon dabbobi ya duba, domin shi zai iya bambanta tsohon ciwo da wanda ya faru a hanya. Ka faɗi abin da kake nema a fili: a mayar da kuɗi, ko a musanya, ko a rage wani abu. Sau da yawa ragi ya fi wa kowa, tun da kuɗin komar da rago daga Tahoua zuwa ƙauye yana iya cinye abin da ake jayayya a kai.

In ba ku daidaita ba, ku je wurin dillali ko dattawa, sannan maigari ko sarkin kanto, waɗanda doka ta ba ikon sasantawa. Ku nemi a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. In sulhu ya ƙi, kotu tana nan. Idan kuwa babu kayan tun asali, an karɓi kuɗi an kashe waya, wannan zamba ce: ka kai rasidi da lambar waya da saƙonni wurin jandarma ko ƴan sanda ba tare da jinkiri ba. Ka guji yaɗa hoton mutum kana kiransa ɓarawo kafin a tabbatar, domin dokar laifukan intanet tana hukunta ɓata suna, sai mai neman haƙƙi ya koma wanda ake tuhuma.

Dukan matakan nan sun dogara ne ga abu ɗaya: a iya karanta lamba, a iya rubuta suna da kwanan wata. Wanda bai iya ba, ya nemi ajin yaƙi da jahilci mafi kusa da shi. Kafin nan, ya riƙa sa ɗansa ko maƙwabcinsa ya karanta masa kowane saƙo da kowane rasidi, tun kuɗi suna aljihunsa.