ZAƁEN SANDAR FATSA DON JEFA KOTON ƘARYA

Manomi, idan an gama aikin kaka, kamun kifi a dam ko kogi zai ƙara maka abin miya da ɗan kuɗin kashewa. Manyan kifaye irin su giwan ruwa da tsage suna farautar ƙananan kifaye ne. Don haka ana kama su da koton ƙarya, wato ɗan kifin roba ko na ƙarfe mai ƙugiya a jiki.

Irin waɗannan kifaye sukan laɓe a gindin kututture, da duwatsu, da bakin ciyawa. A irin waɗannan wurare, ba sai an yi jifa mai nisa ba. Sai ka matso a hankali, ka lilo koton ƙasa-ƙasa, ya faɗa ruwa ba ƙara. Wannan aiki kuwa sai da sanda wadda ta dace.

TSAWON SANDA

Ka nemi mai tsawon ƙafa 7 zuwa 7 da rabi, wato mita 2 da 'yar ɗoriya. Gajeriyar sanda ba ta lilo koto ya kai inda kake so. Wadda ta cika tsawo kuma tana gajiyar da hannu, tana sarƙewa a rassa. Idan a ƙarƙashin itatuwa kake kamu, ko a zaune cikin kwalekwale, mai ƙafa 6 da rabi ta ishe ka.

ƘARFIN SANDA

Kifi da ya ji ƙugiya, maɓoyarsa zai nufa. In sandarka mai laushi ce, zai naɗe zaren a kututture ya tsinke shi. Ka ga ka yi asarar kifi, ga ta koto. Saboda haka ka zaɓi mai ƙarfin gindi da tsakiya, amma kanta ya zama yana ɗan lanƙwasawa, don shi ne ke tura koto.

GWADA KAFIN KA BIYA

1. Ka dafa kan sandar a ƙasa, ka ɗan danna. Kashi ɗaya cikin uku na wajen kai kaɗai ya kamata ya lanƙwasa.
2. Ka duba jikinta kusa da mariƙi. Akan rubuta nauyin koto da ƙarfin zaren da za ta ɗauka. Kada ka zarce wannan.
3. Ka shafa zobban da zare ke bi. Mai kaifi ko tsaga yana cin zare.

KA TUNA

Kada ka ɗaga babban kifi sama da sanda, za ta karye. Ka jawo shi gaɓa tukuna. In kana neman ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.