Tayar da A-kori-kura Wadda Ta Daɗe a Ajiye

'Yan'uwa manoma, a zagayen da muke yi cikin ƙauyuka mun sha ganin a-kori-kura ta ƙungiya a fake gindin mangwaro ko bayan ɗakin ajiyar taki, kaji suna yin ƙwai a cikinta. Yawancinsu Peugeot 404 ne ko 504, waɗanda muke kira Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Wasu kuma Toyota Hilux ne. In an tambaya me ya same ta, sai a ce batir ne ya mutu, ko direba ne ya bar gari, sai aka ce a bari sai bayan girbi. Ga shi an yi girbi uku tana nan, ƙungiya kuwa tana biyan hayar motar kai masara kasuwa.

Irin wannan mota tana iya tashi. Amma abin da muke roƙo shi ne kada a fara da murɗa makulli. Mun taɓa ganin wata ƙungiya ta ari batir, samari suka tura motar, ta tashi da ƙara, kowa ya yi murna. Kafin a kai bakin hanya inji ya ƙwanƙwasa, kuɗin da aka tara don taki ya tafi gareji. Dalili kuwa shi ne, in mota ta daɗe a tsaye, baƙin mai yana tsiyayewa ƙasa duka, ƙarafan sama su bushe, tsatsa ta kama bangon silinda. In aka tayar da inji haka, ƙarfe ne yake cin ƙarfe.

Ranar farko aikin ido ne da tsintsiya. A buɗe bonet a duba da sanda tukuna, gama maciji yana son wurin. Ɓeraye sukan yi sheƙa a cikin matatar iska, su kuma cinye wayoyi. Zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a bakin salansa da ƙananan bututu. A share duka, a naɗe kowace waya da aka ɓare. A matsa tiyon lagireto da hannu, a duba fanbel. Duk robar da ta tsattsage a sake ta.

Sa'an nan a juye ruwaye. Fetur ba ya jure ajiya. Bayan 'yan watanni yakan fara lalacewa, in ya shekara sai ya yi ja, ya yi wari kamar fenti, ya bar danƙo da ke toshe ƙananan ramukan kafireta. Tankin da aka bari rabi kuma yakan tara raɓa a ciki ya yi tsatsa. A juye tsohon man, a wanke tanki, a sa sabuwar filta, a ba bakanike kafireta ya kwance ya wanke. Kada a zuƙi fetur da baki, kada kuma a yi aikin kusa da murhu ko mai shan taba. Baƙin mai ma a juye shi, a sa sabo tare da filtarsa. In tsohon ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga inji, sai a dakata a kira bakanike. Lagireto a ɗauraye shi a cika. Ruwan sama mai tsabta ya fi na rijiya mai kanwa, domin kanwa tana toshe shi.

Yanzu ga inda ake bukatar haƙuri. A sa wa wayoyin fulogi alama, 1 zuwa 4, don kada su rikice, sa'an nan a kwance fulogin. A zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, a bar shi ya kwana, kwana biyu ma ya fi. Bayan haka a fitar da giya, a sa sifana a babban notin da ke gaban inji a ƙasa, a juya a hankali da hannu. In ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, to an gode. In ya ƙi, kada a sa ƙarfi, kada a ja motar da tarakta don a tilasta shi. Ringi ne zai karye. A ƙara mai a jira.

Batirin da ya shekara babu caji da wuya ya sake riƙe wuta. Mai lafiya, in an auna shi a cike, yana nuna wajen bolt 12.6. A kankare kawunansa, a ɗaura wayar da ke da alamar tarawa tukuna, ta bodi daga baya. Tun fulogi suna waje, a cire wayar kwayil, a murɗa makulli na ɗan lokaci, a huta, a sake, har jar fitilar mai ta mutu. Wannan ya nuna mai ya zagaya ko'ina. Daga nan ne za a mayar da fulogi a tayar. Za ta yi hayaƙi shuɗi na 'yan mintoci, man da muka zuba ne yake ƙonewa. A bar ta tana aiki a hankali ba tare da taka totur ba, mutum ɗaya yana kallon allurar zafi, wani yana leƙa ƙasa ko akwai yoyo. A yi wannan a fili, domin hayaƙin mota a rufaffen ɗaki yana kisa. Masu Hilux ta dizal su fitar da iska daga bututun mai, su kuma sake bel ɗin taimin in injinsu mai bel ne, gama in ya tsinke inji yana aiki ɓarnar babba ce.

Inji ya tashi, amma mota ba ta shirya ba tukuna. A ganinmu birki ya fi inji muhimmanci, domin matanmu da yaranmu ne za su hau bayanta ranar kasuwa. Man birki yana shan danshi, ƙarafan ciki su yi tsatsa, robobi su ruɓe. A ɗaga kowace ƙafa da jak, a sa gungume ƙarƙashi, a cire taya a duba. A sake man birki gaba ɗaya. In an taka birki ƙafa ta nutse har ƙasa, motar kada ta motsa daga wurin. Kulocin ma yakan manne, giya ta ƙi shiga. Wannan aikin bakanike ne.

Taya tana tsufa ko ba a mora ta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318 yana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Wadda ta kai shekara goma, ko gefenta ya tsattsage, ba ta ɗaukar buhu ko da zanenta yana da kyau.

Fitar farko a yi ta babu kaya, babu fasinja, a kan hanyar gona, ana gwada birki a kai a kai. In an dawo a taɓa kowace ƙafa, wadda ta yi zafi fiye da sauran birkinta yana riƙewa. Sakatare ya sabunta takardun mota da inshora kafin a hau titi, ma'aji kuma ya rubuta ranar da aka sake mai a littafin ƙungiya. In za a sake ajiye ta, a cire wayar batir, a sa dutse a taya maimakon jan birkin hannu, a kuma ba mutum ɗaya aikin fita da ita kowane mako biyu har inji ya yi zafi sosai.