Babban Inji A Tsohuwar Mota: A Yi Lissafi Kafin A Kwance Noti

Duk wanda ya saba zagaya garejojin Sabha, waɗanda mutanen gari ke kira warsha, ya san cewa a nan ba a cika yada mota don ta tsufa ba. Land Cruiser ɗin da a Turai da tuni an kai ta bola, a Fezzan sai ka iske ta ana yi mata fenti. In injinta ya gaji kuwa, sai a sauke shi a ɗora wani, kuma galibi wanda ya fi na da girma. 'Yan'uwanmu da yawa na cikin wannan harka, wasu makanikai ne, wasu kuwa masu motar ne da suka yi shekaru suna tara 'yan kuɗinsu kafin su mallake ta.

Dalilin son babban inji ba ɓoyayye ba ne. Sabha ce ƙofar hamada. Daga nan hanya ta miƙa kudu zuwa Gatrun da Tummo, a tsallaka iyakar Nijar a bi Madama da Dirku har Agadas, kuma babu mai bin ta da mota wayam. Ga buhuna, ga jarkokin mai da na ruwa, ga mutane a sama. Tsohon injin nan mai silinda huɗu da ake kira 3B, lita 3.4 ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 90 ba. In aka labta masa irin wannan kaya ya shiga rairayi, sai nishi. To, ga shi a 1990 kamfanin Toyota ya fito da 1HZ mai silinda shida, lita 4.2, doki wajen 130, bayansa kuma ga 1FZ mai shan fetur, lita 4.5, wanda ya kai doki 200 ko kusa da haka. Wane direba ne zai ga wannan bai yi kwaɗayi ba?

To amma fa, malam mai karatu, inji ba shi kaɗai ne mota ba. Abu na farko da ke kayar da masu wannan aiki shi ne zafi. Babban inji ya fi ƙona mai, saboda haka ya fi fitar da zafi, alhali lagireton da ke gaban motar an auna shi ne da ƙaramin injin da ta zo da shi. A kan kwalta da sanyin safiya ba za ka ga komai ba. Sai an shiga rairayi da bazara, rana ta haura digiri 40, mota na tafiya a giya ta biyu ba iskar da ke bugun gabanta, sannan allura za ta fara hawa. Daga nan sai gasket ya ƙone, ko kan inji ya tsage. Makanikin da ya ce maka tsohon lagireto zai wadatar, ko dai bai san hanyar ba, ko kuwa sauri yake yi ya karɓi kuɗinsa. Dole a sa babba, da fankar da ta dace da shi.

Sai kuloci da akwatin giya. Ƙarfin da ya ƙaru ta cikinsu zai bi kafin ya kai taya, kuma tsohon ƙarfe bai san an yi masa sabon maigida ba. Wanda ya fi hikima shi ne mai sayen inji haɗe da giyarsa daga mota ɗaya, ko da ya fi tsada, maimakon a yi ta huda ƙarfe ana walda don a aurar da abin da bai dace ba. Haka nan sifirin gaba zai ɗauki nauyin da bai saba ba. Birki kuwa, da yawa cikin tsofaffin motocin nan na ganga ne, ba na faifai ba, kuma abin mamaki shi ne mutum zai kashe dubbai don mota ta yi gudu, amma ya yi ƙyashin kashe ɗaruruwa don ta tsaya. A duba wayarin ma, domin wasu tsofaffin masu shan nafta batir biyu gare su, watau bolt 24, sabon injin kuwa yana iya zama na 12.

Akwai kuma batun mai. A hukumance litar fetur a Libiya dirhami 150 ce, tana cikin mafi araha a duniya, shi ya sa mutane ba sa tsoron inji mai haɗiya. Amma mu mazauna kudu mun sha ganin gidajen mai a rufe, ana saye a bayan fage da ninkin kuɗin sau da yawa. In ka wuce Gatrun ma ba zancen farashi ake yi ba, zancen jarka nawa ka ɗauko. Kowace jarkar da injin ya ƙara ci, wurin buhu ɗaya ne ko na ruwan sha ta cinye.

A ganinmu, ga mai bin hanyar kudu, 1HZ ya fi dacewa da tsohuwar mota fiye da sababbin da suka fi shi ƙarfi. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da kwamfuta, yana jure man da ba shi da tsabta sosai, kuma makanikin Dirku ko Agadas ya san cikinsa. Injin nan mai silinda takwas, lita 4.5, da aka fara sa wa Land Cruiser a 2007, babu mai musun ƙarfinsa, sai dai in ya tsaya, na'ura ake jona masa kafin a gane ciwonsa. Ina na'ura a Madama?

Wannan ba zancen asarar kuɗi kaɗai ba ne. A tsakiyar 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa a arewacin Nijar, a kan hanyarsu ta zuwa Libiya, bayan motarsu ta lalace tsakanin Agadas da Dirku. Har da mata da jarirai a cikinsu. Allah Ya ji ƙansu. A wancan wuri, motar da ta tsaya ba a tura ta gefen titi a jira janwe.

Wanda ya riga ya yanke shawara, to ya karɓi rasit daga mai sayar da injin, da lambarsa a rubuce, ya kuma je ofishin murur a daidaita takardun mota, don kada a shingen bincike a ce masa injin sata ne. Baƙo ya fi kowa sanin yadda irin wannan magana ke tsawo. Bayan an gama ɗauri kuma kada a kama hanyar kudu nan take. A loda wa motar cikakken kaya, a bi da ita hanyar Ubari ko ta Murzuk da tsakar rana, a sauka cikin rairayi kusa da gari, ido na kan allurar zafi. In an dawo, a shiga ƙarƙashinta a duba ƙafafun injin da duk inda aka yi walda.